Waɗanda Ba a Yi wa Aski Ba

Ranar da aka yi wa Yolita askin fari, ranar ce Nélida Huarachi ta gane cewa da hannunta ta rufe asibitin garinsu.

Ba a kai ga sa masa kwaɗo ba tukuna, amma takarda ta riga ta iso daga ofishin lafiya na lardi. Saura kwana tara kwamiti ya zauna ya sa hannu, a kwashe Sista Marlene da akwatin allurarta da sikelin awon jarirai, a haɗe su da babban asibitin da ke can gangare, tafiyar awa huɗu a bayan babbar mota, shi ma in ruwa bai cinye hanya ba. Ƙa'idarsu ɗaya ce: duk garin da yaransa 'yan ƙasa da shekara biyu ba su kai arba'in ba, a rufe ƙaramin asibitinsa. Garinsu Tarkapata kuwa, in ji takardar, ashirin gare ta. Kuma ba wani baƙo ne ya samo wannan ashirin ɗin ba. Nélida ce, 'yar gari, wadda ta fara taka jami'a a duk zuri'arsu.

A hutun da ya wuce ne Malam Ovidio, mai koya wa 'yan ajin farko ilimin ƙididdiga, ya tura kowane ɗalibi garinsu da takardar tambayoyi, ya ce ofishin lafiya na son sakamakon. Nélida ta yi aiki tsakani da Allah. Ta karɓi jerin gidaje ɗari uku a wurin mai gari, ta riƙa tsallake huɗu tana ɗaukar na biyar, ta samu gida sittin. A kowace ƙofa ta nemi mai gida kamar yadda takarda ta ce, ta karanto masa tambayar ba ragi ba ƙari: "Mutum nawa ne a gidan nan? Faɗa mini sunan kowa da shekarunsa." Matan a lokacin suna can kan tudu wajen tumaki. Yara huɗu ta samu a gida sittin, ta ninka sau biyar, ashirin ya fito. Ta fi kowa maki a ajin, har Malam ya karanta aikinta a gaban mutum ɗari da wani abu. Ranar ko ƙasa ba ta ji tana takawa.

To, ga shi yau an cika tsakar gidansu. An zaunar da Yolita, 'yar yayanta Hilarión, a kan bargo mai launi, gashinta na shekara ɗaya da wata takwas ya cukurkuɗe, ba a taɓa kai masa almakashi ba. Uwar ɗakin da iyayenta suka zaɓa mata ta fara yanke tsagi ɗaya ta yi mata alkawarin 'yar tunkiya, sauran baƙi suka biyo layi, kowa ya yanka ya ajiye a faranti. Yarinya tana ta tsala ihu, mutane suna ta dariya. Da aka gama, Inna Eusebia, mahaifiyar Nélida, ta ɗaga jikarta sama da ƙwalƙwal ɗin kanta ta ce, "To madalla. Yau mun zama mu bakwai a gidan nan."

Nélida tana rabon miya ta yi dariya. "Haba Inna, ai tun bara mu bakwai ne."

"Wa ya gaya miki? Mu shida ne har da safiyar yau."

"Ita Yolita fa?"

"Yau ta shigo cikin mutane. Kafin aski aronta aka ba mu. Ki yi ta ƙirga abin aro da ƙarfi, sai mai shi ya ji ya tuna." Inna ta kalle ta sheƙeƙe. "Wai me suke koya muku ne a birnin nan, da har kika manta wannan?"

Ludayin ya tsaya a hannun Nélida. Ta san wannan al'ada, a cikinta aka haife ta, ita ma haka aka yi mata. Amma ko sau ɗaya abin bai zo mata a rai ba lokacin da take tsaye a ƙofofin mutane da biro a hannu. Ta ɗaga ido ta dubi tsakar gidan. Mata tara ta ƙirga da goyo a baya, kowane da gashinsa buzu-buzu yana leƙowa daga zane. Ta ajiye ludayin a cikin tukunya.

Sista Marlene tana zaune can gefen katanga da kwanonta. Wata guda ke nan ba ta amsa gaisuwar Nélida sai da ka. Nélida ta je ta durƙusa a gabanta.

"Sista, yara nawa ne a littafinki?"

"Yau kika ga damar tambaya?" Sista ba ta ko ɗago ba. "Tamanin da bakwai. Na kai musu littafin da hannuna. Suka ce kowace ma'aikaciya da ke tsoron a raba ta da wurinta ai cika littafi za ta yi, amma su ga binciken jami'a a hannunsu. Shekara goma sha ɗaya ina karɓar haihuwa a garin nan, yarinyar da na yi wa allurar ƙyanda ta mai da ni maƙaryaciya."

Nélida ta tashi, ta fice ta bayan gida, ta hau tudun da ake samun layin waya, tana hawa tana share hawaye da bakin rigar sanyinta.

Ta kira Malam Ovidio, ya ɗauka da tsokanarsa ta kullum. "A'a, Huarachi, gwanar ajina. Lafiya?"

"Malam, a karɓe makin nan."

Ta kwashe labari ta gaya masa. Da ta gama, sai ya jefo mata tambaya.

"Kin gwada tambayar a kan wani kafin ki fita da ita?"

"A'a, Malam."

"Ni ma ban ce ku gwada ba. A ofis na rubuta ta, ina kurɓar gahawa, ina jin kaina wani gwani. Zaɓen gidajenki ba shi da aibu, tambayata ce gurguwa." Ya ja numfashi. "Za ki iya zaga gida ɗari uku a kwana shida?"

"Ina! Wasu suna ƙetaren kogi, wasu suna bayan dutse. Goma a rana ma sai na yi da gaske."

"To sittin ke nan. Amma ki saurare ni da kyau. Yanzu kowa ya san abin da kike so ya fito, har ke kanki. Don haka kada hannunki ya zaɓi gida ko ɗaya. A yi ƙuri'a a bainar jama'a, mai gari da shugaban makaranta su sa hannu. A kowane gida ki fara yin tsohuwar tambayar, sannan ki yi sabuwa, mu ga inda bambancin yake. Sabuwar kuma kada ki rubuta ta ke kaɗai. Ki nemi wadda ta fi mu sanin garin."

Da la'asar, bayan baƙi sun watse, ta tarar da Inna tana tsince busasshen dankali a faifai. Ta zauna kusa da ita da littafi.

"Inna, zan gwada wata tambaya a kanki. Jarirai nawa ne a gidan nan?"

"Babu ko ɗaya."

"A'a, a ce jiya ne na tambaye ki."

"Da jiya ne, sai in ce ki bar mini ƙofar gida. Wace mara hankali ce za ta ce miki nawa?" Inna ta jefar da wani ruɓaɓɓe gefe. "Ke ba ki taɓa jin yadda muke tambayar juna a bakin rafi ba? Ba a cewa nawa. Cewa ake yi, askin wa za mu ci nan gaba a gidanku? Nan take za ta washe baki ta gaya miki sunansa, da watan da ya zo, har da wanda take so ya zama uban ɗakinsa. Kuma matar gida za ki tambaya. Shi namiji me ya sani? Yayanki ko watan haihuwar 'ya'yansa bai riƙe ba."

Nélida ta rubuta shi kalma da kalma. Sannan ta ce akwai ta ƙarshe da ta ƙara da kanta, don kwamiti ya ga amfanin asibitin. Ta karanto: "Akwai wanda aka haifa a gidan nan da bai kai ga aski ba?"

Hannun Inna ya tsaya a cikin faifan.

"Wannan ki cire ta," in ji ta. "Ba tambayar bakin ƙofa ba ce."

Nélida ta ja layi a kanta.

Washegari Lahadi, da aka taso daga coci, aka taru a filin makaranta. Nélida ta zo da manyan waken nan masu faɗi guda ɗari uku, kowane ta rubuta masa lambar gida da tawada. Aka nemi abin da za a zuba su, Goggo Braulia ta cire hularta mai tulluwa irin ta matan tudu, wadda duk garin babu mai girmanta, ta miƙa tana ƙasaita. Goggo Braulia kuwa tagwaye gare ta 'yan wata bakwai, ga kuma jikan mijinta mai rarrafe, duk a gida ɗaya, lamba ɗari da goma sha huɗu. Mai gari ya rufe ido ya riƙa zaro wake ɗaya bayan ɗaya, shugaban makaranta yana rubutawa. Aka zaro sittin. Ɗari da goma sha huɗu bai fito ba.

"Ku sake!" in ji Goggo Braulia. "Hulata ce fa! A ce hulata ta yi aiki amma gidana bai shiga ba? Ke Nélida, jarirai kike nema ko tsofaffi? Ga gidan Baba Toribio ya fito, shi da jakinsa kaɗai. Jakin za ki yi wa aski?"

Fili ya kaure da dariya, har shi Baba Toribion.

"Goggo, ki yi haƙuri. In na sa naki da hannuna, sai su ce duk sauran ma ni na zaɓa."

"Ilimin banza! Ba ni hulata." Ta zazzage sauran waken a ƙasa, ta kifa ta a ka, ta wuce tana sababi.

Ran Litinin Nélida ta fara. Tun da sanyin safiya take fita da dafaffen dankali a ƙulle, kuma yanzu in ba ta tarar da matar gida ba, sai ta bi ta har inda tumaki suke. Tambayar Inna kuwa ta yi aiki kamar mabuɗi. Matar da yanzun nan ta ce su biyar ne, da ta ji zancen aski sai ta juyo da goyonta ta ce, "Ai ga shi nan, Fermín, bayan girbin dankali ya zo." Amma gidajen cikin gari tsofaffi sun fi yawa. Zuwa yammacin Laraba ta gama gida ashirin da tara, yara biyar kawai ta samu. Hankalinta ya tashi sosai. Gida na talatin kuma ta tarar da shi a rufe, masu shi sun hau can saman dutse da dabbobinsu. Kuma gidan yana jikin katangar Goggo Braulia.

Hilarión, wanda ya rako ta, ya ce, "Ke, Allah ne ya kawo miki sauƙi. Wannan ba kowa, ga na kusa da shi da yara uku. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Yaya."

"To ki sani mana, ki yi shiru! Ƙarya za ki yi? Yaran nan ba sa nan ne? In aka rufe asibitin nan, ke kina birni. Mu ne za mu ɗauki mai naƙuda a bayan mota."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ya faɗa. Ta tsaya tana jin kukan tagwayen ta kan katanga, biro a hannu, kuma ba za a ce ba ta yi sha'awar abin ba. Ta yi, ƙwarai ma. Amma ta riga ta ga abin da lamba mara gaskiya ta jawo wa garin nan sau ɗaya, ko da ba da gangan ta yi ba. Ta mai da biron aljihu.

Da gari ya waye ta hau dutsen ita kaɗai, awa uku tana haki. Ta tarar da bukkar, ta tarar da mata da miji, dukansu sun haura saba'in. Da ta yi musu zancen aski, tsohuwar ta yi dariya har da tari, ta ce sai dai in Nélida ce za ta kawo musu. Ta rubuta sifili, ta sha ruwan zafin da suka ba ta, ta gangaro tana jin haushin kanta da Malam Ovidio da duk wanda ya ƙirƙiro ƙididdiga.

Sai da ta ƙetare kogi abin ya juya. Can ne matasan da ba su samu fili a cikin gari ba suka yi gini, gida bayan gida ana shanya zanen goyo. Ran Asabar da yamma ta rufe gida na sittin, ta zauna a kan dutse ta haɗa. Tsohuwar tambaya ta ba ta yara biyar. Tambayar Inna ta ba ta goma sha takwas. Ta ninka sau biyar, casa'in. Littafin Sista ya ce tamanin da bakwai. Nan ta kifa kai a gwiwa ta yi kukanta mai isarta, wannan karon na daɗi.

Ran Litinin aka shiga ɗakin kwamiti. Malam Ovidio ya zo tun daga birni ya zauna a baya, Sista Marlene ta zo da littafinta a ƙirji. Shugaban kwamitin, wani mai furfura da tabarau a kan hanci, ya juya takardun biyu ya ce, "'Yammata, wata uku da suka wuce kin ce ashirin. Yau kin ce casa'in, daidai lokacin da za a rufe asibitin garinku. Wanne za mu yarda da shi?"

Nélida ta yi bayanin askin, da ƙuri'ar wake, da tambayoyin biyu. Malam Ovidio ya miƙe ya ce laifin tambayar farko nasa ne, kuma ko da ƙuri'ar ta ɗan karkata sama ko ƙasa, da wuya adadin ya gaza hamsin. Shugaban ya taɓe baki, da alama bai gamsu ba.

Sai ga hayaniya a bakin ƙofa. Goggo Braulia ce, wadda babu wanda ya gayyata, ta biyo motar asuba, ta ture mai gadi ta shigo da tagwaye, ɗaya a baya ɗaya a gaba.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo! Yarinyar nan ta ari hulata ta yi ƙuri'a, ta tsallake gidana. Ta wuce ta ƙofata, tana jin kukansu, ta hau dutse wajen tsofaffin da ko kaza ba su da ita. Ga su nan, ku gani da idonku. A rubuta su!"

Shugaban ya sauke tabarau ya dubi Nélida. "Waɗannan ba sa cikin goma sha takwas ɗin?"

"Ba sa ciki, ranka ya daɗe. Wakensu bai fito ba."

Ya dubi tagwayen, ya dubi Nélida, ya sake duban takardar. Sannan ya yi 'yar dariya ya ce wa magatakarda ya cire Tarkapata daga jerin. Ya ƙara da cewa sauran garuruwa uku na kan tudu da aka auna da wannan tambaya, a dakata da su har a sake zagayawa. A waje Sista Marlene ta kama kunnen Nélida ta murɗa, kamar yadda take yi mata tana ƙarama, sannan ta rungume ta. Goggo Braulia kuwa har suka iso gida tana gaya wa duk wanda ke motar cewa ita ta ceci asibitin, kuma babu wanda ya musa mata.

Rana ba ta faɗi ba suka iso. Nélida ta tarar da Inna a tsakar gida tana kaɗi, Yolita tana bin kaji da ɗan gashinta da ya fara tsirowa. Ta ba ta labari tun daga farko har ƙarshe, ta ce Malam ya ce daga bana da tambayar Inna za a riƙa koyarwa a ajinsa. Inna ta ce to, ta ci gaba da murza mazarinta. Can ta ce, "Ina littafin nan naki? Ɗauko. Karanto mini wadda na ce ki cire."

Nélida ta buɗe shafin. Layin da ta ja bai hana a gane rubutun ba. "Akwai wanda aka haifa a gidan nan da bai kai ga aski ba?"

"Akwai," in ji Inna. "Tsakaninki da Hilarión. Watansa biyar, zazzaɓi ya kama shi, lokacin babu Sista babu asibiti. A bayan mota ya cika, muna gangara, ko rabin hanya ba mu yi ba. Da muka dawo, aka ce mai shi ya karɓi abinsa, kowa ya koma gona. Shekara ashirin da huɗu, babu wanda ya taɓa tambayata."

Nélida ba ta taɓa sanin tana da wani yaya ba.

"Inna, gidanmu ba ya cikin sittin ɗin. Kuma an riga an rufe aikin."

"Na sani. Ba don su na ce ba." Inna ta ajiye mazarin, ta matso, ta ɗora yatsa a kan farar takardar. "Anselmo sunansa. Rubuta shi."

Nélida ta rubuta. Inna, wadda ba ta iya karatu ba, ta karɓi littafin ta daɗe tana kallon haruffan, sannan ta ce a nuna mata inda sunan ya fara da inda ya ƙare.